Koren Fenti da Motar Cibiya

Litinin, da hantsi

Ban yi fushi ba. Na sa wannan a layin farko don in riƙa waiwayarsa.

Yau kwamitin tallafi ya zauna. Kwamitin kuwa yanzu ni ce da Akanta da Manaja, sauran kujerun an kifa su jikin bango tun da aka fara rage ma'aikata. Kamfaninmu fenti yake yi. Duk shekara muna da abin da muke kira Ranar Alheri: a tara gudummawa daga ma'aikata da dillalanmu, kamfani ya ɗora nasa a kai, a miƙa wa cibiyar masu shanyewar ɓarin jiki da ke bayan tashar mota. Sannan kowa ya saka farar riga mai tambarin kamfani, ya ɗauki buroshi, mu shafe musu bango, a yi hoto, a watse.

Bana Manaja ya ce babu kuɗi. Mutane sun daina gini, wanda ma ya gina ya shige gidansa haka nan da launin siminti. Dillalai kuma ba za a matsa musu ba, su ma kuka suke yi.

"Amma fenti akwai, Hajiya. Za mu ninka musu na bara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mota suke kuka da ita."

Cibiyar mota ɗaya gare ta, wata tsohuwar bas da take bi unguwa-unguwa tana ɗauko marasa lafiya da safe, ta mayar da su da yamma. Man da take sha, tayoyinta, albashin direbanta, duk daga gudummawarmu ne. In ba mu bayar ba, ƙarshen wata za a ajiye ta.

Ya ce alheri ai ba sai kuɗi ba. Ya faɗe shi a hankali, irin yadda mutum ke faɗin maganar da ya gwada a gaban madubi. Akanta yana ta kallon faratansa kamar yau aka ba shi su.

Manaja bai sani ba, ko ya manta, cewa motar nan a ƙofar gidana take fara tsayawa.

Talata, da sassafe

Motar ta zo.

Mutumina ya shirya tun kafin ruwan shayi ya tafasa. Maɓallin riga shi yake sakawa yanzu, da hannun hagu, in na matso zai taimaka sai ya harare ni. Hannun daman yana kwance a cinyarsa kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Hannun nan ne ya rubuta rabin allunan shagunan garin nan. Da shi ya zo sayen fenti lokacin ina bayan kanta, ya yi ta dawowa yana cewa ja ɗin da na ba shi bai kai ja ba, har sai da na aure shi don in huta.

Direba ya shigo yana cewa, "Ina angon cibiya? 'Yan mata na can sun ƙosa." Ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin hammatarsa, suka sauka matakala kamar masu rawa. Ni ba na iya wannan. Na gwada sau ɗaya, muka zube tare, muka yini ba mu yi wa juna magana ba.

Kafin motar nan ta fara zuwa, watanni ya yi a kujerar bakin taga, fuskarsa a bango. Ba zan rubuta yadda watannin suka kasance ba.

Alhamis, da azahar

Na je cibiya in faɗa wa Sista, wadda take kula da wurin. Gajeriya ce, amma muryarta tana iya dakatar da babbar mota. Ta saurare ni har na gama, sannan ta kama hannuna ta ja ni ƙofar banɗaki.

"Rufe."

Na tura, ta ƙi shiga. Na tura da kafaɗa, ta ƙi.

"Alherinku ne ya yi mata yawa," in ji ta. "Kowace shekara sai kun ƙara mata riga. Tagogi ma sun manne, ba sa buɗuwa. In fentin ne ya dame ku, ku je ku shafa wa motar, ko za ta sha ta tashi."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Da zan fita na leƙa ɗakin motsa jiki ta gilashi. Yana zaune da alƙalami a hannun hagu, harshensa a gefen baki, yana jan layi a takarda, wata tsohuwa a gefensa tana zuga shi. Da layin ya kauce sai suka tuntsire tare. A gida, in na ajiye masa alƙalami, ture shi yake yi ƙasa. Ban shiga ba. Na dawo ofis na yi wa injin kwafi faɗan da bai ci ba.

Juma'a, da yamma

Na sauka sito na ga fentin da za a ninka. An jera galan-galan har rufi. Kore ne, amma ba koren ganye ba, koren ruwan da ya kwana a kwata. A jikin gwangwanin an rubuta sunansa, wai Sanyin Safiya. Shekara biyu ba wanda ya saya. Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, na ga mugaye iri-iri, amma ban taɓa cin karo da marubucin da ya kai ga ƙirƙiro wanda zai yi sadaka da wannan launi ba.

Lahadi, da yamma

Ina karanta masa littafin nan mai kauri da muka fara tun yana asibiti. In jarumin ya yi wauta sai ya buga hannun kujera, in na tsallake shafi kuma ya sani. Yau a tsakiyar babi ya ɗora hannu a kan littafin.

"Barkono."

Haka yake kirana tun ina bayan kanta. Yanzu sunan yana fitowa a hankali, gefe guda a danne, amma yana fitowa.

"Mota," in ji shi.

Ashe Direba ya faɗa masa. Na ce, "Mota tana nan lafiya. Kana son ka ji ko ya auri yarinyar ko ba ka so?"

Ya dube ni ya daɗe. Na ci gaba da karatu da ƙarfi.

Litinin, da safe

An ɗauke teburin da ke kusa da nawa. Shatin ƙafafunsa yana nan a ƙasa.

Laraba, da la'asar

Manaja ya ce kada a matsa wa dillalai, bai ce kada a gaishe su ba. Na yini ina gaisuwa. Ɗaya ya hango ni ya shige bayan buhunan siminti, ƙafarsa a waje. Na tsaya na gaishe da ƙafar, na tambaye ta iyali.

Na ƙarshe shi ne wanda muke kira Mai Rangwame, don bai taɓa yi wa kowa ba. Shagonsa ya koma lungu tun da aka canza hanya. Allon da ke saman ƙofarsa na gane shi tun daga nesa. Ya koɗe, amma wutsiyar haruffan tana nan, irin lanƙwasar da mutum ɗaya ne yake yin ta a garin nan.

Ya ba ni kujera, ya ce, "Hajiya, kada ki wahalar da bakinki. Kyauta ba ni da ita bana, ko uwata ce ta zo. Ni matsalata ba wanda ya san ina nan. In da abin da zai sa a san ina nan ne, wannan kasuwanci ne, sai in cire daga wani aljihun."

Na ce, "Aljihu nawa gare ka?"

"Biyu. Na tausayi ya huje, na talla yana nan da ɗan sauran numfashi."

Ina tsaye bakin titi ina jiran abin hawa sai ga motar cibiya ta wuce za ta mayar da mutane gida, fara fat, duk tsatsa, tana tari. Kowace unguwa tana shiga, safe da yamma, kuma ba ta iya gudu, dole a kalle ta. Sai maganar Sista ta dawo mini. Matar nan baƙar magana ta yi, ba ta san shawara ta bayar ba.

Alhamis, da hantsi

Na kai wa kwamiti. A shafe motar da koren nan tunda an rantse sai an bayar da shi. A raba jikinta gida-gida, kowane dillali ya sayi gida a rubuta sunan shagonsa, abin da aka samu ya tafi mai da taya da albashin Direba.

Idon Manaja ya yi haske, na san hoton ya hango. Ya ce tambarin kamfani a gaba, saman gilashi. Na ce a sa shi har a taya in yana so. Ya ce a kai wa masu buga takardar mannawa. Akanta ya ce kuɗin bugawar zai cinye rabin abin da za a tara, kuma ba za a shafa ko ɗigon fentinmu a rubutun ba, abin kunya ga kamfanin fenti.

"To wa zai rubuta?" in ji Manaja.

Sai Akanta, mutumin da ba ya ɗaga kai, ya ce a hankali, "Hajiya, maigidanki fa? Na ji an ce yana gwada hagu."

Ban san abin da na faɗa ba dalla-dalla. Na san dai na ce mijina ba biri ba ne da za a fito da shi kasuwa a tara 'yan kallo. Na san na ce wasu abubuwa game da farar riga mai tambari. Akanta ya ba ni haƙuri har sau biyu. Daga baya na tarar da ɗan ƙunshin biskit a teburina, ba suna.

Ban yi fushi ba.

Juma'a, da sassafe

Motar ba ta zo ba. Taya ta fashe, babu ta canji.

Juma'a, da rana

Ban je ofis ba. Ya zauna a kujerar bakin taga da takalmansa a ƙafa, rigarsa a ɓalle har wuya. Na ce ya cire takalman, ya ƙi. Duk motar da ta yi ƙara a layi sai ya ɗaga kai. Wajen azahar ya juya kujerar da kansa, da ƙafa ɗaya, ya fuskanci bango.

Na shiga kicin na wanke tukwanen da na riga na wanke.

Asabar, da hantsi

Na ji ana jan abu a ɗaka. Na shiga na same shi zaune a bakin gado, ya sa ƙafa ya jawo akwatin buroshinsa daga ƙarƙashi. Ni na cusa shi can da hannuna don kada ya riƙa gani. Sista ce ta ba shi labarin shawarar Akanta, ta waya. A garin nan ba a ɓoye wa mara lafiya komai sai sunan maganinsa.

"Ni," in ji shi. "Zan yi."

Na ce ba za ka yi ba. Na ce rana za ta yi maka yawa, tsayuwa za ta yi maka yawa. Na ce mutanen nan za su taru da wayoyinsu, kowa ya ɗauke ka yana cewa Allah sarki. Na ce hannun zai karkace a gaban waɗanda suka san yadda kake rubutu a da.

Ya bari na ƙare. Tun can haka yake, sai ya bari na ƙone ƙurmus sannan ya yi magana.

"Ni ba tsoro." Ya huta, ya nemo sauran. "Ke ce."

Na ce shinkafa tana ƙonewa. Da gaske kuma ta ƙone, don tsayawa na yi a kanta ina kallo.

Lahadi, da yamma

Mun gwada a bangon tsakar gida. Na ɗauko igiyar nan da muke turbuɗawa a garin alli, na kama bakinta ɗaya, ya danne ɗayan da gwiwa, na ja tsakiyar na saki, ta bar farin layi a bango. Aikina ke nan a shekarunmu na farko, kafin in koma ofis in fara sa takalmi mai tsini. Hannuna bai manta ba.

Harafin farko ya fito kamar an taka shi. Na biyu ya fi muni. Ya yi jifa da buroshin, ya faɗa cikin bokitin wanki. Na ce, "To, sannu, sarkin zuciya. Ka ɓata mini bango, ka ɓata mini zanen gado, saura me?" Na yi ta yi, ban tsaya ba, har sai da na ga kafaɗarsa tana rawa. Dariya yake yi. Ya nuna bokitin. Na tsamo buroshin, na matse, na sa masa a hannu.

Kafin rana ta faɗi ya rubuta sunan shagon Mai Rangwame cikakke. A karkace yake. Amma wutsiyar nan ta fito.

Litinin, da sassafe

Motar ta zo. Direba ya aro taya a wurin surukinsa.

Laraba, da yamma

Dillalai sun fara kira da kansu. Mai ƙafa a bayan siminti yana son gida kusa da ƙofa. Wani ya ce kada a haɗa shi gefe ɗaya da ƙaninsa, ba sa magana. Mai sayar da famfo, wanda ba dillalinmu ba ne ma, ya ji labari ya turo matarsa. Ba wanda ya ambaci tausayi, ni ma ban ambata ba. Na gano mutane sun fi sakin hannu in ba a sa su jin kunya ba.

Alhamis, da rana

An kira ni sama. Da na shiga Manaja ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce zan iya kammala Ranar Alheri, tunda ni na faro.

Sauran ba zan rubuta ba.

Na taho da kofina da 'yar tukunyar shukata. Na ajiye su a bayan tukwane.

Juma'a, da safe

Ban yi fushi ba. Ban yi fushi ba.

Asabar, da yamma

Ranar Alheri.

Ma'aikatan da suka rage sun zo da fararen rigunansu. Sista ta tsaya a ƙofar cibiya ta ce duk wanda ya kusanci bangonta da buroshi sai ta kwantar da shi a gado. Tun jiya aka shafe motar don ta bushe. Koren nan a jikin mota ma bai yi kyau ba, amma makaho ne kawai zai ce bai gan ta ba.

Direba ya haɗa katako a kan bulo, aka ɗora kujera, aka ɗora mutumina. Na ja igiya na saki. Ya tsoma buroshi a farin fenti.

Wayoyin sun fito, kamar yadda na faɗa. Wata ta ce Allah sarki, na juya na dube ta, ta mayar da wayarta jaka. Manaja ya matso da mai hoto, ya kai hannu zai dafa kafaɗarsa. Na buɗe baki. Kafin in ce komai mutumina ya ɗauki gwangwanin fentin daga cinyarsa ya miƙa masa.

"Riƙe."

Ya riƙe. Ya yi zaton na hoto ne. Aka yi hoton, mai hoto ya tafi shan ruwa, mutumina bai karɓa ba, yana ta tsomawa. Haka Manaja ya tsaya a rana da gwangwani a hannu biyu har aka gama gefe guda, farin fenti yana ɗiga masa a takalmi. Zan faɗi gaskiya tunda ba mai karanta wannan: bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. In buroshin ya taho sai ya ɗan sunkuyar da gwangwanin don ya sauƙaƙa masa. Na lura wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wataƙila shi ma akwai saman da ake kiransa.

Mai Rangwame ya zo duba kayansa. Ya ja da baya, ya karkata kai.

"Malam, sunan nan nawa ai tudu yake hawa."

Mutumina bai ko juyo ba.

"Kasuwa," in ji shi. "Hawa."

Mai Rangwame ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce to a bar shi ya yi ta hawa. Ya ce in an gama a zo a sabunta masa allon shago, da hannun nan dai, kuma kada a sa ran rangwame daga gare shi, shi ma ba ya nema.

Ba a gama ba. Hannun ya fara rawa da la'asar, Sista ta ce ya isa, ba wanda ya yi mata musu. Akanta ya ce abin da aka samu zai riƙe motar zuwa tsakiyar shekara. Bayan nan ban sani ba. Akwai sauran gidaje a ɗaya gefen da ba a saya ba.

Ya yi barci a mota a hanyar dawowa, kansa a kafaɗata, duk gashinsa fenti.

Laraba, da sassafe

Motar ta zo, koriya shar, tun daga kan kwana ake jin yara suna karanta ta.

Na yi shirin ofis kamar kullum, har da jaka. Tun Litinin haka nake yi, in raka shi mota, in jira ta ɓace, in koma ciki in cire takalmi. Direba ya zaunar da shi, ya zagayo zai rufe ƙofa, sai mutumina ya tare ta da ƙafa.

"Kofi," in ji shi. "Bayan tukwane."

Na tsaya da jaka a hannu. Mutumin da ba ya shiga kicin.

Ya buga kujerar da ke gefensa. "Shigo. Igiya."

Direba ya ce, "Hajiya, gara ki shigo. Gefe guda ya rage, kuma ba wanda ya iya tsorata dillalai kamar ke. Amma fara zagayawa baya ki ga abin da ya sa ni riƙe masa gwangwani jiya. Tun da na fito ake tsayar da ni ana tambaya nawa kilo."

Na zagaya. A ƙofar baya, can ƙasa, ƙarƙashin sunan mai famfo, akwai ɗan gida guda da ba ni na sayar ba. Ba a ja masa layi ba, don haka ya fi sauran karkacewa. Barkono. Harafin ƙarshe ya jingina kamar zai faɗi, da 'yar wutsiyarsa.

Na daɗe a bayan motar, har Direba ya danna oda.

Na shiga na zauna. Na ce, "Wannan wa zai biya kuɗin gidan?"

Ya ɗauko hannun daman da na hagu, ya ɗora shi a cinyata, ya bar shi a nan.